Bayani A Kan Haraji Da Baitulmali, Da Ra'ayin Dattawa Game Da Dukiyar Jama'a

 Wannan bayani ne a kan haraji da kasafin kuɗin gwamnati, da abin da dattawa masu ra'ayin mazan jiya suke gani a cikin sha'anin, domin malamai da fatake da 'yan kasuwa su san inda aka fito, su kuma gane inda aka dosa.

Dalilin tada maganar shi ne, ran 26 ga Yuni 2025 ta lissafin Turawa, Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan dokoki huɗu na gyaran haraji, aka sa ranar 1 ga Janairu 2026 ta zama ranar fara aiki da su. Kafin a kai ga haka an sha gardama. A watan Oktoba 2024 gwamnonin Arewa da sarakuna suka taru a Kaduna, suka ce ba su yarda da yadda aka so a raba harajin kayan saye ba, wanda ake kira VAT, domin an so a ba da kashi 60 cikin 100 na rabon jihohi bisa ga inda kuɗin ya fito. Daga baya aka daidaita, aka bar harajin a kan kashi 7.5 cikin 100, aka ce rabon jihohi ya zama rabi daidai wa daida, kashi 20 bisa ga yawan jama'a, kashi 30 bisa ga inda aka yi amfani da kayan. Aka kuma ɗauke harajin samu daga kan Naira 800,000 ta farko da mutum ya samu a shekara.

To, gardamar ta lafa, amma ta tona wani abu wanda ya kamata mai hankali ya tsaya a kansa. Dukan hayaniyar a kan rabo aka yi ta. Kaɗan ne suka tambayi yadda za a kashe abin da aka raba, kuma kaɗan ne suka tambayi abin da ya sa ƙasar da ta taɓa riƙe kanta da gyaɗa da auduga da kiraga ta koma jiran ƙarshen wata. A nan ne dattawa suke da magana.

Fasali na ɗaya: abin da magabata suka shimfiɗa

A sani cewa maganar dukiyar jama'a ba baƙuwa ba ce a zauren malamai. Alƙali Abu Yusuf, almajirin Imamu Abu Hanifa, ya wallafa Kitabul Haraji domin Halifa Haruna Rashid. Shaihu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasiha a kan abin da ya wajaba ga sarakuna, ya keɓe babi ga hanyoyin da ya halatta a tara dukiya, da wani babi ga hanyoyin da za a kashe ta. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa jangali da kuɗin gari da ƙwacen da ake yi wa 'yan kasuwa cikin abubuwan da ya zargi sarakunan zamaninsa da su. Ƙanensa Malam Abdullahi kuwa a Kano ya wallafa Liya'ul Hukkami, don ya nuna wa masu mulki iyakarsu.

Abin da waɗannan littattafai suka haɗu a kai shi ne, mai mulki wakili ne a kan Baitulmali, kamar yadda wasiyyi yake a kan dukiyar maraya. Abin da zai karɓa sananne ne, inda zai kai shi ma sananne ne. A dubi zakka. Ta kuɗi da kayan ciniki ɗaya ce cikin arba'in, bayan dukiya ta kai nisabi ta kuma shekara. Ta hatsin damina ɗaya cikin goma, wanda aka shayar da wahala kuwa rabin haka. Mai tumaki ba ya fid da kome sai sun kai 40, mai shanu sai sun kai 30. Waɗanda za a ba su kuma iri takwas ne, an ambace su a cikin Suratut Tauba. Watau mai biya ya san abin da ke kansa tun kafin mai karɓa ya iso ƙofarsa, kuma matalauci ba ya cikin lissafi sai a wajen karɓa. Dattawa ba su ce harajin gwamnati zakka ne ba, kuma biyan ɗaya ba ya sauke ɗaya. Abin da suka ce shi ne, wannan ma'auni na sauƙi da bayyana shi ya kamata a auna kowane haraji da shi.

Ibnu Haldun, wanda aka haifa a Tunis a 1332, ya rasu a Alƙahira a 1406, ya yi bayanin yadda abin yake lalacewa a cikin Muƙaddima. A taƙaice, sa'ad da daula take sabuwa masu ita ba su saba da jin daɗi ba, sai su ɗora wa talakawa kaɗan, jama'a su yi himmar noma da ciniki, Baitulmali ya cika. In an daɗe sai fada ta yawaita, barori da ma'aikata su ƙaru, a ƙara haraji, a ƙirƙiro kuɗin kasuwa da na ƙofa. Manomi da falke su gwada wahalarsu da abin da ya rage musu, su ga babu riba, su janye hannu. Daga nan abin da ke shiga ya ragu, mai mulki ya sake ƙarawa don ya cike gurbi, har ya kai ga shiga kasuwa da kansa yana kokawa da talakawansa a kan riba.

Wannan magana ta ƙetare teku. A 1981 Shugaban Amurka Ronald Reagan ya kafa hujja da Ibnu Haldun sa'ad da yake kare rage haraji, kuma a zamaninsa harajin masu babban samu ya sauko daga kashi 70 zuwa 50, daga baya zuwa 28. Amma ba a rage kashe kuɗi daidai da haka ba, sai bashin gwamnatin Amurka ya kusa ninkawa uku cikin shekara takwas. Darasin da ke nan shi ne, wanda ya ɗauki rabin maganar malamin ya bar rabi bai bi shi ba, gama shi a kan almubazzarancin fada ya fara ɗora laifi.

Fasali na biyu: zamanin En'e

Da Turawa suka ci ƙasar Hausa a 1903 sun tarar da haraji iri iri: kuɗin ƙasa, da kuɗin rafi, da kuɗin karofi, da jangali, da zakkar hatsi. Gwamna Lugga ya yi doka a 1906 don a tattara su wuri guda. A Katsina, zamanin Sarki Muhammadu Dikko da Bature Palmer, aka fara tsara Baitulmali irin na En'e, sauran ƙasashe suka bi. Aka yanka wa sarki da hakimai da alƙalai albashi, aka naɗa Ma'aji da malamansa, manyan En'e suna riƙe rabin haraji, rabi ya tafi wajen Gwamna. A ƙasar Kano har malaman taki aka sa, suna auna gonaki da ƙafa don a san abin da za a yanka wa kowa.

Abin da dattawa suke yabo a cikin wannan tsari shi ne, kowace shekara sai an rubuta ƙiyasin abin da zai shigo da abin da zai fita, ba a taɓa kwabo sai da takarda, kuma ana ajiye rara saboda shekarar fari. Da irin wannan kuɗi En'e ta Kano ta kawo ruwan famfo da wutar lantarki cikin birni zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Bincike kuwa ba ya tsallake babba, gama binciken kuɗin En'e ta Kano da Gwamnatin Jihar Arewa ta sa aka yi a 1962 shi ya kai ga murabus ɗin Sarki Muhammadu Sanusi a 1963.

Amma gaskiya ɗaya ce, kuma dattijon kirki ba ya ɓoye ta. Haraji na wancan zamani ya yi wa talaka nauyi. Ana bin sa da kaka, lokacin da hatsi ba shi da daraja, sai mutum ya sayar da damin da zai ci da bazara, ko akuyar matarsa, don ya sami rasit. Wanda ya kasa ya sha rana a ƙofar dagaci, wani ya bar garinsu ya tafi cin rani ba don yana so ba. Filani sun sha kai shanu daji don gudun ƙirga. Bayan wannan akwai haraji na ɓoye, gama hukumar ciniki ta gwamnati ita kaɗai ke da ikon fid da gyaɗa da auduga zuwa ƙetare, tana saye a hannun manomi ƙasa da farashin duniya, ta riƙe bambancin. Da gumin manomi aka yi ayyuka da yawa na zamanin Sardauna, a shekarun da aka kafa Bankin Arewa da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka buɗe a 1962. Wannan kuka na talakawa shi jam'iyyar NEPU ta ɗauka tun da aka kafa ta a Kano a 1950, har ya zama a 1979 Gwamna Abubakar Rimi a Kano da Gwamna Balarabe Musa a Kaduna, dukansu na jam'iyyar PRP, suka soke haraji da jangali. Ba Arewa kaɗai ba: haraji ne ya tada matan Aba a 1929, da matan Abekuta a ƙarshen shekarun 1940, da manoman Agbekoya a ƙasar Yarabawa a 1968.

Saboda haka ba bulalar dogari dattawa suke kewa ba. Abin da suke kewa shi ne igiyar da ke tsakanin mai biya da mai karɓa. Mutumin da ya biya da hannunsa yana da bakin tambayar rijiya da asibiti da gadar da ruwa ya cinye, hakimi kuma ya san in ƙasarsa ta talauce albashinsa ma yana cikin hatsari. Da aka cire zalunci sai aka haɗa da igiyar aka tsinke, ba a kuwa ɗaura wata a madadinta ba.

Fasali na uku: zamanin man fetur da rabo

An sami mai a Oloibiri a 1956, aka fara fid da shi a 1958, kuɗinsa ya yi tashin gwauron zabi daga 1973. Tun daga nan al'amari ya juya. Jihohi suka zama 12 a 1967, 19 a 1976, har suka kai 36 a 1996, ga ƙananan hukumomi 774, kowace da shugabanta da majalisarta da motocinta. Kuɗi ya koma taruwa a asusun tarayya, ana rabawa wata wata: bayan an fid da kashi 13 cikin 100 na kuɗin mai ga jihohin da ake haƙo shi, gwamnatin tarayya ta ɗauki kashi 52.68, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60. Gwamna ya zama ba ya bukatar manomin jiharsa ya yi arziki kafin ya biya albashi, idonsa yana Ikko, daga baya ya koma Abuja.

Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata gare shi, ya tara hatsin shekaru bakwai na yalwa saboda shekaru bakwai na tsanani. Nan kuwa da yalwa ta zo sai aka yi ƙarin albashin Udoji tare da ariyas, aka yi odar siminti har jiragen ruwa suka toshe tashar Ikko a 1975 suna jira wata da watanni ana biyan su kuɗin jira. Aka fara masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta a ƙarshen shekarun 1970, shekara arba'in da ɗoriya suka wuce ba ta yi aikin da aka gina ta dominsa ba. Kamfanin jiragen sama na gwamnati ya durƙushe a 2003. Wannan shi ne abin da Ibnu Haldun ya faɗa game da mai mulki in ya zama ɗan kasuwa, gama wanda yake ciniki da dukiyar da ba tasa ba, asara ba ta hana shi barci. Da farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980 babu rumbu, sai aka shiga tsuke bakin aljihu, har aka kai ga shirin SAP na 1986. Da ya sake faɗuwa a 2014, jihohi da yawa suka kasa biyan albashi, sai da gwamnatin Shugaba Buhari ta ba su rancen ceto a 2015.

Fasali na huɗu: bashi, da harajin da ba shi da rasit

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma falke ya san ba kowane bashi ne abin zargi ba. Wanda ya ranci kuɗi ya sayi jaki don fatauci daban yake da wanda ya ranta don ya yi bikin gasa. Haka gwamnati. Madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka gama a 1968, har da rance aka gina ta, jikokin waɗanda suka gina ta sun sha wutarta. Amma rancen da za a biya albashi da alawus da shi, wannan cin abincin yaran da ba a haifa ba ne.

A 2005, zamanin Shugaba Obasanjo da ministar kuɗi Ngozi Okonjo-Iweala, ƙasashen ƙungiyar Paris suka yafe wa Nijeriya kimanin dala biliyan 18, ita kuma ta biya kimanin biliyan 12, aka sauke wannan kaya a 2006. A 2007 aka yi doka cewa giɓin kasafi kada ya wuce kashi 3 cikin 100 na abin da ƙasa ke samarwa a shekara. Duk da haka bashin gwamnatoci, wanda yake kimanin Naira tiriliyan 12 a 2015, ya haura tiriliyan 144 a ƙarshen 2024. Wani sashe na wannan hauhawa faɗuwar darajar Naira ce ta kawo shi, amma wannan ba ya rage nauyin biya. A kasafin tarayya na 2025, wanda ya kusa tiriliyan 55, fiye da tiriliyan 14 an ware su ne don biyan bashi da ruwansa, watau wajen rubu'i. Ruwan bashi kuwa malamai sun san hukuncinsa, 'yan kasuwa sun san ɗacinsa.

Mafi ɓoyuwa shi ne rancen da gwamnati take ci a Babban Banki. Dokar bankin ta 2007 ta ƙayyade shi a kan kashi 5 cikin 100 na abin da gwamnati ta samu a shekarar da ta gabata, amma aka yi ta ɗiba har ya kai Naira tiriliyan 22.7, majalisa ta yarda a 2023 a mai da shi bashi na dogon lokaci. Ma'anar wannan ita ce an ƙara yawan kuɗi ba tare da an ƙara yawan gero da atamfa ba, kamar mai tallan nono da ta ƙara ruwa a ƙwarya. Ga shi kuma a 2023 an janye tallafin mai, an saki Naira ta nemi farashinta, sai tsadar kaya ta haura kashi 34 cikin 100 a ƙarshen 2024. Wannan haraji ne wanda ba a yanka wa kowa ba, amma kowa ya biya. Ya fi cin malamin da ke jiran kuɗin Laraba, da tsohon da ke karɓar fansho, da ɗan kasuwar da ya ba da kaya bashi, ya karɓi kuɗinsa cif bayan wata uku, ya koma Kantin Kwari ya tarar ba za su sayi rabin dilar da ya sayar ba.

Fasali na biyar: hujjar ɗaya ɓangaren, da amsar dattawa

Masu son a ƙara tara haraji suna da hujja, adalci ne a kawo ta. Suna cewa abin da Nijeriya take tarawa, in an gwada da girman arzikinta, bai kai na yawancin ƙasashen Afirka ba, kuma ba a gina makaranta da asibiti da fatar baki, balle a biya soja. Wannan gaskiya ne. Amsar dattawa ita ce, ƙarancin abin da ya isa Baitulmali ba ya nuna ƙarancin abin da ya fita daga aljihun talaka. A tambayi mai ɗaukar shanu daga Maigatari ko Potiskum zuwa kurmi, ko mai lodin albasa daga Aliero, sau nawa ake tsai da shi a hanya, da sunan jiha, da sunan ƙaramar hukuma, da sunan ƙungiya, alhali dokar 1998 da ta lissafa harajin da kowace gwamnati za ta karɓa ta hana kafa shinge a kan hanya don karɓar haraji. Ɗan kasuwa kuma shi ke haƙa rijiyarsa, ya sayi injin wutarsa, ya biya mai gadinsa. Wanda ya biya sau uku ba a ce masa ba ya biya. Tulun da ke yoyo, toshe shi ake fara yi kafin a ƙara aiken yaro rafi.

Ra'ayin nasu, in an tattara shi, ga shi. Haraji ya zama mai sauƙi, sananne, a hannun mai karɓa guda, da rasit, kuma a ɗauke shi daga kan wanda ba shi da abin da ya wuce cin yau da gobe. A auna abin da za a kashe da abin da ake da tabbacin samu, a fara rage na fada kafin a taɓa na talaka. Kada a ci bashi sai don abin da zai daɗe har waɗanda za su biya shi su amfana. Gwamnati ta tsaya ga tsaron rai da dukiya, da shari'a, da hanya, da ruwa, da ilmi, da magani, ta bar ciniki ga masu shi. Kuɗi kuma ya zauna kusa da masu biyansa, gama mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A kan wannan, hukuncin Kotun Ƙoli na Yuli 2024, wanda ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi rabonsu kai tsaye, ya dace da abin da suke kira, muddin za a bi shi da bincike irin na dā, don kada a ɗauke ɓarna daga babban birni a raba ta ƙauyuka.

Abin da ya rage ga masu karatu

Maganar ba ta masu mulki kaɗai ba ce. Kasafin kowace jiha ana karanta shi a gaban majalisa kowace shekara, ba asiri ba ne. Ya kamata shugabannin kasuwanni su nemi a fassara musu shi da Hausa, su dubi nawa aka sa wa gidan gwamnati da tafiye-tafiye, nawa aka sa wa ruwan sha da taki da makarantu, su kuma koma ƙarshen shekara su tambayi abin da aka yi da gaske. Kada ɗan kasuwa ya ba da kwabo ba rasit, kada kuma ya ɓoye abin da doka ta ɗora masa bisa adalci, gama wanda ya ƙi biya ya zubar da bakin tambaya. Malamai kuwa su koma ga babin Baitulmali a cikin littattafan da ke gafakarsu, su karantar da shi kamar yadda suke karantar da babin tsarki, su tuna wa mawadata zakka, su tuna wa masu mulki cewa kowane anini za a tambaye su a kansa a ranar da babu Ma'aji mai gyara takarda.

Rabo daga Abuja yana iya ƙaruwa bana ya ragu baɗi, kamar yadda aka gani a 1982 da 2015. Gona da garke da kasuwa su ne suka riƙe ƙasar nan tun kafin a san mai, kuma gwamnatin da ta sauƙaƙa wa masu su, ita ce Baitulmalinta zai cika ba tare da kuka ba.

Allah ya ba shugabanni tsoronsa da mashawarta na gari, ya sa albarka a cikin noma da kiwo da ciniki, ya sauke wa ƙasa nauyin bashi, ya zaunar da ita lafiya. Amin.